Birki na Biyu

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Auta ta ci jarrabawar tuƙi. Tun ranar Juma'a lasisin ke hannunta, ta nuna wa kowa a gidan nan, kaji kawai suka rage. Tun tana aji ɗaya a sakandare na yi mata alkawari cewa ranar da ta kawo mini lasisi da guminta, ba da alfarmar ubanta ba, zan zaɓa mata mota da hannuna. To ga shi ta kawo, shekararta sha takwas da wata biyu, ni kuma baki ya riga ya furta.

Wannan littafin na ɗalibai ne. A nan nake rubuta wanda ya iya ribas da wanda har yanzu sai ya sunkuya yake neman giya ta uku. Shafukan baya sun rage, shi ne na ce bari in riƙa rubuta motocin da muka gani, kada dillalai su ruɗa ni. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da tuƙi, ashirin da biyu daga ciki a cikin Gwaggo. Ɗalibai ne suka sa wa motar wannan suna, wai in za ta tashi da safe sai ta gama mita tukuna. Ni ma ba su ƙyale ni ba, Malam Birki suke ce mini a bayan idona, saboda birki na biyu da ke gefen kujerata, wanda nake takawa in ɗalibi ya nufi katangar mutane da mu.

Jiya Auta ta ce, "Baba, ni da Gwaggo za ka ba ni, da an huta da yawo."

Na ce, "In ba ki Gwaggo, ni kuma in koyar da mutane a kan keke?" Mamansu ta yi murmushi, ita Auta ko gezau.

Ambulan ɗin sakamakon asibiti yana cikin aljihun mota, ƙarƙashin takardun inshora. Ban buɗe ba. Ai likitan idon ya faɗa mini abin da ke ciki da bakinsa, har ya maimaita maganar tuƙi sau biyu kamar da kurma yake magana. Ba wanda na gaya wa. In na gama da motar Auta zan koma wurinsa, abu ɗaya-ɗaya ake yi.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Mota ta ɗaya: ƙarama, fara, mai ƙofa huɗu. Dillalin wani dogo ne mai zaƙin baki, tun kafin mu gama gaisawa ya fara rantsuwa cewa wata likita ce ke hawanta, daga gida sai wurin aiki. Duk motar da aka taɓa nuna mini a rayuwata, wata likita ce ta hau ta. Ban san yaushe likitocin nan suke samun lokacin duba marasa lafiya ba.

Ni ba na duba fenti. Na sa aka tada inji, na ɗora tafin hannuna a kan bonet, na rufe ido na saurara. Sannan na fito da kofina. Kofin ƙarfe ne, akwai layin da na karta a cikinsa da ƙusa. A cika ruwa zuwa layin, a ajiye a gaban mota, duk ɗalibin da ya zubar mini da ɗigo ɗaya wajen tashi ko tsayawa sai ya sake. A Gwaggo akwai zoben da kofin ke zama a ciki. Motar mutane ba ta da zobe, don haka Auta ta riƙe a tafin hannunta, ni na ja motar. Haka take riƙe shi tun tana 'yar shekara biyar, kafin in sa zoben, a kujerar baya, ƙafafunta na reto, tana kai ƙarar manyan mutane: "Baba, ya zubar! Baba, wannan ma ya zubar!" Akwai wani babban ma'aikacin banki da ya ja ni gefe ya roƙe ni in daina zuwa da ita.

Ruwa bai zube ba. Injin ma, tsakani da Allah, ba shi da abin faɗa. Na ce wa dillali kujerar ta yi ƙasa.

A hanyar dawowa Auta ta ce, "Baba, kujerar fa ana ɗaga ta." Na ce na sani.

Wajen kwanar makarantar firamare Gwaggo ta ɗan riƙe birki da kanta, ta saki. Karo na biyu ke nan cikin watan nan. Sai na kai ta gareji.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Wani ya zo yana so in koya wa matarsa tuƙi. Na ce littafina ya cika. Mutum biyu ne a littafin.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Mota ta biyu: ja, otomatik. Yayansu ne ya turo hotonta daga can inda yake aiki, ya kuma bugo waya yana yi mini lacca. "Baba, yanzu an daina wahalar da yara da kuloci." Ji yaron nan fa. Yaron da ya kashe mini Gwaggo sau tara a kan tudu ɗaya, yana kuka shaɓe-shaɓe, motoci na ta hon a bayanmu, yau shi ke koya mini mota. Na ce masa kulocin da yake rainawa ne ya koya masa ɗan haƙurin da yake taƙama da shi.

Duk da haka mun je mun gani. Ina zama na ce ƙarfen gefen gilashin gaba ya yi kauri, ya tare mini rabin titi ta dama. Dillali ya kalli ƙarfen, ya kalle ni. Auta ta zagaye shi da yatsunta, ta ce, "Baba, ai bai kai na Gwaggo kauri ba."

Na ce, "To madubin ne."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya tsaya mini a rai. Wajen uwarta ta gado shi, kuma shekara ashirin da tara ina jin sa, na san ba yarda ba ce.

Da muka dawo Mamansu na tsaye a tsakar gida. Ta ce, "Malam, wa ya goge mana ginshiƙin ƙofa ta dama? Har fentin Gwaggo a jiki."

Na ce, "Ɗalibi."

"Ashe ɗalibai sun fara shigo maka da mota gida."

Na ce a ba ni ruwa in sha, na gaji.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Na kai Gwaggo gareji. Maigareji abokina ne tun muna samari, shi ya haɗa mata birki na biyu a shekarar da na saye ta, da sandar ƙarfe ɗaya da noti huɗu. Garejin na nan yadda na san shi: bencin nan mai ƙafar bulo, kalandar da ta wuce da shekara shida, rediyon da aka sa wa waya a maimakon eriya, da warin baƙin mai da nake jin kamar na dawo gida in na shaƙe shi. A kan bencin nan muka zauna ranar da na fara kawo ta, fentinta na ƙyalli, shi da gashinsa cike da kai, ni ba tumbi.

Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito ya ce, "Birkin nan lafiyarsa ƙalau. Ya fi ni da kai lafiya."

"Na ce maka yana kamawa da kansa."

"Kai kaɗai a motar?"

"Ni da Auta."

Ya ɗauki tsumma yana goge hannu. Ya daɗe yana gogewa, hannun da ba ya fita ko da sabulu.

Don in kawar da maganar na tambaye shi ko zai iya haɗa irin birkin nan a motar da za mu saya wa Auta. Ya yi dariya har da tari. "Malam Birki! Yarinya ta sami lasisi, kai kuma za ka bi ta makaranta kana taka mata birki? In ta sami aiki ma sai a ajiye maka kujera a ofishin."

Ina cikin kare kaina sai na ji ya ce, "Karɓi mana, hannuna ya gaji." Shayi yake miƙo mini ta dama, ban san tun yaushe ba. Na ce tunani nake yi. Ya tashi ya zagayo ya zauna ta hagu da ni, ya ci gaba da labarin tsadar taya. Wallahi da ya tambaye ni, da na sami abin yi masa faɗa a kai.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Na wanke Gwaggo da kaina, Mamansu na zaune a bakin ƙofa tana ninke wanki. Ina goge allon makaranta da ke kan rufin motar sai na tuna allona na farko, wanda na kafa a bakin titi, na biya mai fenti ya rubuta. Mamansu ce ta karya shi. Ɗalibata ta tara ce, yayanta ya kawo ta. A darasi na uku na ce ta sa giya ta ɗaya, ta sa ribas, ta taka totur da zuciya ɗaya, kafin ƙafata ta kai birki allo ya kwanta. Duk ɗalibin da na sani kuka yake yi ko ya ɗora wa mota laifi. Ita kifa kai ta yi a kan sitiyari tana dariya har da hawaye. A ranar na san na shiga uku.

Ba ta ƙarasa koyo ba. Bayan aurenmu na ce ta dawo ta gama, ta ce, "Na sami direba na har abada, me zan yi da lasisi?" Haka kuwa aka yi. Kasuwa ni, gidan 'yan uwanta ni, asibiti haihuwa huɗu duk ni. Tana zama a kujerata ta malami, ta karkatar da ƙafafunta gefe don kada ta taɓa birkin, ko sau ɗaya ba ta taɓa shi ba.

Abin da take tsokanata da shi har gobe, wai ban taɓa barci a motar da wani ke ja ba. Gaskiyarta. Mun taɓa tafiyar awa goma a bas, kowa ya yi barci har da kajin da ke ƙarƙashin kujera, ni idona biyu, ƙafata na taka ƙasa a kowace kwana. Da muka sauka ɗingishi nake yi.

Ɗazu tana ninke zanen gado, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Malam, ka tuna abin da na ce maka da ka ce in koma koyon mota?"

Na ce, "Na tuna."

Ta ce, "Yarinta ce fa. Kada ka riƙe ta da nauyi."

Na ce kumfa ta shigar mini ido, na je famfo na daɗe.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ta uku: shuɗiya. Hon ɗinta ba ladabi.

Ta huɗu: ruwan toka. But ɗin ya yi girma, me yarinya za ta zuba a ciki?

Ta biyar: ba ta da laifi. Fuskar mai ita ce ba ta kwanta mini ba.

Dillali ya daina rantsuwa. Ya ce, "Baba, don Allah gaya mini gaskiya, mota kuke nema ko shan iska?" Auta ta juya baya tana duba taya. Ni dai na san in an sayi mota an gama, in an gama kuma sai ambulan.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ba abin da ya faru yau.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Kofin ya zube. Na shanya shimfiɗar ƙasan motar a kan igiya.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Daga wajen ganin ta shida muke. Auta ta ce in ba ta makulli ta ja mu, na hana. Muka biyo ta titin kasuwa, titin da na san kowane raminsa kamar tafin hannuna. A giya ta biyu nake, ba gudu ba. Ina ba ta labarin wata bishiya da ke tsakiyar mararrabar nan kafin a zuba kwalta, wadda duk ɗalibaina na farko suka koyi kwana a gindinta. Sai kawai mota ta ƙame. Ƙirjina ya bugi sitiyari, kofi ya yi tsalle, inji ya mutu. Ƙafata kuwa tana kan totur.

Sai da na juya kaina gaba ɗaya na gan ta. Mace ce da goyo a baya, tafin hannunta a kan bonet ɗin Gwaggo, kwandon lemonta ya kife yana gangarawa ƙarƙashin motoci. Ba daga sama ta faɗo ba. Ta daɗe da shigowa titi ta dama, kowa a kasuwar nan ya gan ta, ni kaɗai ne ban gan ta ba.

Mutane suka taru. Ina jiran zagi, na ma fi son zagin. Sai wani mai shago ya kalli allon kan rufin, ya leƙo ya kalli furfurata, ya ce, "Haba Baba, a wannan shekarun ake koyon mota?" Aka yi dariya. Matar ta gyara goyonta, ta zagaya wajen Auta, ta kama hannunta ta taga, ta ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka. Ki riƙa sa ido a kan tsohon nan, kada ki bar shi ya hau babban titi tukuna."

Auta ta fita ta taya ta tsince lemo. Da ta dawo ta ce, "Yi haƙuri Baba, ƙafata ce ta zame."

Na buɗe ƙofa na zagaya, ita ta matsa kan sitiyari. Ita ta ja mu har gida.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Ban fita ba. Na aika wa ɗaliban cewa mota na gareji.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Ban fita ba. In na rufe ido ƙafar jaririn nan nake gani, da ɗan takalmin saƙa guda ɗaya.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na tashi da niyyar fita, na tarar makulli ba ya kan ƙusarsa. Suna karyawa na shiga.

"Ina makullina?"

Auta ta ajiye cokali. "Yana wurina, Baba."

"Da izinin wa?"

Kafin ta amsa na buɗe baki na yi ta zuba. Na ce lasisin kwana goma sha bakwai ne zai riƙe wa shekara talatin da ɗaya makulli? Na ce ni na nuna mata inda birki yake. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, don kunyarsu nake ji.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kai ka koya mini, Baba. Kai ka ce in na gefe ya ga abin da direba bai gani ba, kada ya tsaya neman izini, ya taka."

Na ce, "Don sau ɗaya an sami kuskure..."

"Sau huɗu ne, Baba." Ta fara ƙirgawa da yatsu. "Gaban gidan mai, da kwanar makaranta, da bakin ƙofar dillali, sai na kasuwa. Birkin Gwaggo lafiyarsa ƙalau, ni ce."

Ashe ranar jarrabawarta, da aka ce ta fito da takardun inshora, ta ga ambulan. Ashe ta karanta, ta liƙe, ta dawo ta gaya wa uwarta. Ashe duk yawon ganin motocin nan ba don mota take bi na ba.

Ta ce, "Shi ya sa na ce ka ba ni Gwaggo. In tana hannuna ba za ka fita da ita kai kaɗai ba. Duk ranar da ka fita ba na ciki, ni da Mama ba ma iya cin abinci sai mun ji ƙararta a ƙofa."

Na kalli Mamansu, ta sunkuyar da kai tana juya shayin da ba ta sha ba. Na shige ɗaki na turo ƙofa da ƙarfi. Kunya ce ta kama ni, ba fushi ba, amma fushin ya fi sauƙin nunawa.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na roƙi makulli don in buɗe mota kawai, aka ba ni ba musu. Na zauna a kujerata, na buɗe aljihun. Akwai fensir ɗin da nake nema tun bara, da ribon ɗin gashin Auta na firamare, da hoton wasu ɗalibai shida sun jingina da Gwaggo suna ɗaga lasisi, biyu daga cikinsu sun rasu. Sai ambulan. An liƙe bakinsa da shinkafa dafaffiya, aikin Auta ke nan.

Na karanta. Kowane layi sai na juya kai kafin in ga ƙarshensa. Ba zan kwafe abin da ke ciki ba. A ƙasa akwai rana: Litinin mai zuwa, ƙarfe tara.

Na kira wani tsohon ɗalibina da ya buɗe tasa makarantar, na ce zan turo masa mutum biyu, ɗaya ta iya komai sai tsoro, ɗayan bai iya komai ba kuma ba ya tsoro, ya fi sa ido a kan na biyun. Ya ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce hutu zan ɗan yi.

Na daɗe a zaune ƙafata a kan birkin. Kujerar nan mutane ke kira ta mai zaman banza, ni kuwa a kanta na ciyar da gida, na aurar da biyu, na kai yayansu jami'a.

Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana

Dillali ya bugo, wai ya samo wata sabuwa fil, ta wata likita. Na ce ya gaishe mini da likitar, mun sami mota.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ta ja mu zuwa gareji. Na ce wa Maigareji ya sa wa Gwaggo sabbin tayoyi huɗu, ya canja bel ɗin direba, ya duba fitilu, ya sauke allon kan rufi. Yana ta gyaɗa kai. Sannan na nuna masa ƙasan kujerata na ce, "Wannan ma cire shi."

Auta ta yi farat ta ce, "Baba, a bar shi mana, ba ya tare mini komai. In ka ga abin da ban gani ba sai ka..."

Na ce, "Ba zan gani ba, Auta."

Karo na farko ke nan da na faɗa da bakina. Rediyon garejin na ta surutunsa. Na ce mata ƙafar nan tawa ba ta jin magana, shekara talatin da ɗaya tana takawa, wata rana za ta taka mata a tsakiyar titi a kan abin da babu shi, na baya ya shige mana. Motar da ke da direba ɗaya, birki ɗaya ya ishe ta.

Maigareji ya ɗauki sifana ya durƙusa. Noti uku suka fita salin alin, na huɗun ya ƙi. Ya zuba mai, ya buga, ya zage shi tas har da kakanninsa, ya ce, "Wannan irin halinka gare shi." Da ƙyar ya saki. Ya toshe ramukan da roba, ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya miƙo mini birkin ta hagu. Robar kansa ta cinye a gefe guda, daidai inda babban yatsana ke sauka. Ban san yana da nauyi haka ba.

Na ciro makullin daga zoben makullaina na gida na ba Auta. Na ce, "Ga motarki. Da safe ki bar ta ta gama mitarta kafin ki sa giya." Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ƙura ta shigar mata ido. Ban san inda yaran nan suke koyo irin wannan ƙarya ba.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Mun je asibiti mun dawo. Likita ya faɗi abin da zai faɗa, an sa wata rana, an ba ni magani na ɗigawa. Ba shi na zauna rubutawa ba.

Da za mu fita Auta ta cika kofi zuwa layi ta sa a zobensa, ba wanda ya ce ta yi. Mamansu ta shiga baya da jakarta, ni na zauna a inda na saba. A danjar farko ƙafata ta tafi neman birki ta sami shimfiɗa. A shataletale ma haka. Auta tana saurin shiga giya ta uku, na buɗe baki zan faɗa, na rufe. Ta titin kasuwa ta bi, ta rage gudu tun kafin mararraba, na ji tana duba dama da hagu ko da ban kalle ta ba.

Don in hana ƙafata rawa sai na ɗora tafin hannuna a gaban motar, na rufe ido in saurari inji, yadda nake yi wa motocin mutane. Gwaggo na ta 'yar mitarta a ƙasa-ƙasa, sabbin tayoyi na shan kwalta, a baya Mamansu na ba da labarin allon da ta karya, tana ƙara gishiri, wai ni na ce ta sa ribas. Na ce a raina bari ta kai ƙarshe in ƙaryata ta.

Sai na ji hannu a kafaɗata.

"Malam. Malam, tashi, mun iso."

Na buɗe ido, ga ƙofar asibiti, inji a kashe. Auta ta kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunta na rawa, ban san dariya take yi ko kuka ba. Ta ɗago ta ce, "Baba, har da minshari."

Na juya kaina gaba ɗaya na duba kofin. Ruwa na nan a kan layi.